Giyabos da Ogzilari a Ƙasar Fadama: Shawarwari ga Gidan da Ke da Fowil

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, duk mai gona a ƙasar Auyo, ko mai dangi a ƙauyukan Guri da Kirikasamma, ya san abin da hanya ke komawa. Ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Kano, inda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suke, yana tarar da kacala ta cushe hanyoyinsa, sai ya yi gefe, ya cika gonaki, ya hau burji. A 2020 da 2022 an ga yadda ya raba garuruwa da juna. A irin wannan lokaci motar da ke ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil, ita ke kai mai naƙuda asibiti a Haɗeja, ita ke fito da buhunan shinkafar da Allah ya sa ta tsira. Gida ɗaya ne ke da ita, amma dangi da maƙwabta duk da ita suka dogara.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Ruwa na janyewa sai ka ga motocin nan a gareji, giyabos a ƙasa, maigida na lissafin abin da zai sayar. Da yawansu ba tsufa ne ya kashe su ba. Ruwan da bai fi kofi ɗaya ba ne ya shiga cikin mai, ba wanda ya duba, aka ci gaba da tafiya har boris ya yi tsatsa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da giyabos ɗaya kan iya cinye amfanin damina. Shawarwarin nan na maigida ne da direba, da uwargida, da yaron da ake aika gareji.

1. Ku fara da sanin abin da ke ƙarƙashin motar. Ƙarfi na fitowa daga inji ya shiga giyabos. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati manne da shi, shi ne ogzilari, aikinsa raba ƙarfin nan biyu: farfela ɗaya ta kai shi ƙafafun baya, ɗaya ta kai shi na gaba. Giyabos da mansa, ogzilari da nasa, bakasul da nasa, aksul na gaba ma da nasa. Wuri huɗu ke nan, kuma sabis ɗin da aka saba yi, na juye baƙin mai da canza filta, ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Akwai motar da ta shekara goma a hannun mutum ba a taɓa kwance noti ɗaya a ogzilarinta ba.

Fowil kuma iri-iri ce. Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ƙafafun baya suke tafiya, sai an buƙata a jona na gaba. Prado da babbar Land Cruiser da ake kira V8 da tsohuwar Land Rover Defender kullum da huɗu suke ja, suna da makullin tsakiya da ake rufewa in hanya ta ɓaci. RAV4 da Highlander da Lexus RX kuwa, ko an rubuta musu 4WD a baya, ba su da ƙaramar giya, cikinsu kuma kusa yake da ƙasa. Suna taimakawa a santsi da ɗan yashi, amma wanda ya tura su taɓon fadama ya zalunce su.

2. Kada a hau busasshiyar kwalta da H4, wato an jona ƙafafun gaba. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa, masu yin sa kuma gani suke ƙarfi suke ƙara wa mota. A Hilux da ire-irenta, in an sa H4 farfelar gaba da ta baya sun zama abu ɗaya, dole su juya daidai wa daida. To a kwana tazarar da ƙafafun gaba ke ci ta fi ta na baya. A taɓo ko yashi taya na ɗan zamewa, bambancin ya tafi. A kwalta ba inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a cikin ogzilari, sarƙar ciki ta miƙe, haƙora su ci juna. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota na tirjewa a kwana, sandar fowil ta ƙi fita. In haka ta faru kada a yi mata dole. A miƙe sitiyari a yi ribas kaɗan, ko a sauke ƙafa biyu kan ƙasa a gefen titi, za ta saki da kanta. Wanda ya fito daga gona zai kama hanyar Kano, ko zai ci kasuwar Gujungu ran Lahadi, ya mayar da ita H2, wato ƙafafun baya kaɗai, tun taya ba ta taɓa kwalta ba. Mai Prado kuma ya buɗe makullin tsakiya.

Taya ma na jawo irin wannan ɓarna a ɓoye. Huɗun su zama lamba ɗaya, cinyewarsu kusa da juna, iska daidai. Sabuwa a gaba, suɗaɗɗiya a baya, ko safaya mai wata lamba daban, aikin da ba hutu suke ɗora wa ogzilari, musamman a motar da kullum ke ja da huɗu.

3. A tsaye ake shiga ƙaramar giya. Daga H2 zuwa H4 ana iya shiga a tafe in gudu bai yi yawa ba, sitiyari kuma a miƙe. L4 daban ce: a tsaya cak, mai giyar hannu ya taka kuloci har ƙasa, mai otomatik ya mayar da giya N, sannan a ja sanda. A Hilux tana ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi, ta rage gudu daidai haka, don haka wanda ya cusa ta a tafe haƙoran ogzilari yake karyawa. Tsofaffin motoci na da murfi a tsakiyar ƙafafun gaba da aka rubuta wa FREE da LOCK. A juya duka biyun zuwa LOCK tun kafin a isa taɓo, ba sai laka ta rufe su ba. Hilux ɗin da aka ƙera daga 2015 da maɓalli ake juya ta. A jira fitilar dashbod ta daina ƙifci kafin a ba ta wuta.

Abu biyu da ake mantawa. Littafin Toyota ya ce a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da fowil kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaba. Da rani wannan ba wahala: yashin hanyoyin ƙauye ta wajen Birniwa da Malam Madori ya isa. Fowil ɗin da aka bari wata tara ba a taɓa ba, ranar da ake neman ta a tsakiyar fadama ita ce ranar da za ta ƙi shiga. Na biyu, in sandar ogzilari ta tsaya a N, sa giya a P ba ya riƙe mota. A ja birkin hannu, musamman a gidan da yara ke wasa kusa da ita.

4. A dakata a bakin ruwa kafin a shiga. A nan ake asarar giyabos, don haka zan daɗe a kai. Kowane ɗaya daga cikin akwatunan nan huɗu na da ɗan hanci a samansa da ke fitar da iska in ya yi zafi. Motar da ta yi tafiyar awa guda ƙarfenta ya ɗau zafi. Tana faɗawa ruwa mai sanyi iskar ciki ta tsuke nan take, akwatin ya zuƙo abin da ke kusa da shi. In hancin na cikin ruwa, ruwa zai zuƙa. In laka ta toshe shi, ta bakin oyilsil zai zuƙa. Direba ba zai ji komai ba. Mota ta haye lafiya, kowa ya yi hamdala, alhali ɓarna ta riga ta shiga.

Tsayuwar minti 15 na rage wannan sosai. A cikin lokacin a sauka a taka ruwan da ƙafa, da sanda a hannu, a san zurfinsa da inda ya zaizaye gefen kwalbati. A tambayi masunta da masu fito da 'yan acaɓa, su suka san inda hanya take jiya da inda ta koma yau. Toyota ta ce Hilux ta zamani na iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, wato ya haura gwiwar babban mutum. Amma wannan lissafin sabuwar mota ne mai lafiyayyun robobi, a ruwan da ke kwance. Tamu da ta sha rana ta sha lodi, a rage mata. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa kuwa yana iya ɗauke mota duk girmanta. Nan magana ta tashi daga ƙarfe ta koma ta rai. A juya, ko a nemi kwalekwale.

In za a shiga, a zaɓi giya tun a tudu. L4 da giya ta biyu ta fi dacewa da yawancin wurare. A tafi a hankali, ba tsayawa, ba ƙara wuta, kuma kada a taka kuloci a tsakiya, domin taka shi na buɗe wa ruwa da laka hanya tsakanin faifan kuloci da fulawil.

Ga gyaran da ya fi kowanne araha a duk wannan rubutu, kuma da zan iya da na roƙi kowane mai fowil a masarautar Haɗeja ya yi shi. A sa makanike ya cire hancin nan na kowane akwati, ya jona siririn tiyon mai a gurbinsa, ya ja shi sama zuwa cikin bonet, ya ɗaure shi can kusa da gilashi, ya sa masa ƙaramar filtar fetur a baki don ƙura. A bar wa tiyon bakasul ɗan saki, saboda ƙafa na hawa da sauka. Aikin bai kai wuni ba. A yi shi a watan Yuni, kafin kogi ya kawo.

5. Duk ranar da ruwa ya rufe cibiyar taya, a duba mai cikin kwana biyu. Ba sai an ji ƙara ba, ƙara na zuwa ne bayan aiki ya gama lalacewa. A ajiye motar a wuri mai daidai. Kowane akwati na da noti biyu, na sama na zuba mai, na ƙasa na juyewa. A fara kwance na sama. Wanda ya fara da na ƙasa, mai ya tsiyaye, sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ya zauna da motar da ba ta tafiya. A sa yatsa a ramin: ya kamata mai ya kai bakinsa. Lafiyayyen man giya ruwan zuma ne, ko ya ɗan yi duhu. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. In motar ta kwana a tsaye, ruwan kan kwanta a ƙasa, don haka a ɗan sassauta notin juyewa a ga abin da zai fara ɗigowa.

An ga ruwa, a juye duka, a zuba sabo, a yi 'yan kwanaki ana hawa, a sake dubawa. In har yanzu da sauran fari a sake juyewa. Na san mutum zai ce kuɗin mai sau biyu. A duba yawansa: ogzilari lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake ci, giyabos na hannu kusan lita biyu da rabi. A gwada wannan da kuɗin giyabos a Kano.

Notin ƙasa yawanci na da mayen ƙarfe a bakinsa. A kalle shi da kyau kafin a goge. Laushin baƙin gari a jikinsa ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji alama ce boris ko haƙori ya fara tafiya. Ƙyalli ruwan gwal a cikin man kuma daga zoben tagulla yake, wanda ke daidaita shigar giya. A nuna wa makanike tun mota na tafiya da ƙafarta.

6. Kowane akwati da irin mansa. "Man giya" ba abu ɗaya ba ne. A jikin galan akwai lambar kauri, irin 75W-90, da lambar aji, GL-4 ko GL-5. Bakasul da aksul na gaba GL-5 suke so. Giyabos na hannu da yawa GL-4 suke so, domin sinadarin wasu GL-5 bai jitu da zoben tagulla ba, sai giya ta fara ƙara wajen shiga. Ogzilarin tsohuwar Hilux 75W-90 yake sha, na sababbin Toyota wani siririn mai ne mai lamba 75W, na wasu motocin Nissan da Ford kuwa jan man otomatik ne. A duba littafin mota. In ya ɓata, kamar yadda yake ga yawancin motocin hannu, yaron gida mai waya zai iya nemo shi a intanet da sunan motar da shekararta.

A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba wanda ya san asalinsa. A guji kuma mai kauri mai lamba 140 na manyan motoci, da wasu ke zubawa don a daina jin kuka. Kukan zai lafa, cutar na nan, da sanyin hunturu kuma giya ta ƙi shiga. Ka sayi galan a rufe da hannunka, a fasa shi a gabanka.

7. Otomatik ba ta haƙuri da ruwa ko kaɗan. A cikinta akwai faifai masu fatar da aka manna da gam, ruwa na taɓa su sai fatar ta fara ɓarewa. Man lafiya ja ne garau. In ya koma ruwan hoda mai kumfa, a kashe mota, kada a ce bari a lallaɓa a kai gida. Ruwan ma ba lallai daga kogi ya fito ba: man otomatik na bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce, in bututun ya huje ruwan lagireto ke gauraya da shi. A duba nan kafin a zuba sabon mai, in ba haka ba an zuba a banza. Juyewa ta notin ƙasa kuma bai fi kashi ɗaya cikin uku na man yake fitarwa ba, don haka sau ɗaya ba ya wanke ta.

Irin man ma da muhimmanci: Toyota masu shekaru T-IV ko Dexron, na baya-bayan nan WS, Mitsubishi da yawa SP-III. Mai sandar awo ana duba ta ne inji na aiki, ya yi zafi, a Toyota giya a P. Wadda ba ta da sandar awo sai makaniken da ya san ƙa'idarta. Man da ya yi baƙi yana ƙauri ya sha zafi fiye da kima, kuma abin da ke jawo haka a wajenmu shi ne abu na gaba.

8. In ta kafe, a sauka. Ba ta wuta tana juya taya a wuri ɗaya rami kawai take ƙara haƙawa. Wasa da giya tsakanin D da R da ƙarfi na dafa man otomatik cikin mintuna, a giyar hannu kuma kuloci ke ƙonewa. In fitilar zafin man giya ta kama, a tsaya a bar inji na aiki a P har ta mutu. A rage lodi, a rage iskar taya kaɗan, a haƙe gaban ƙafafu, a shimfiɗa kara ko itace. In tarakta ko shanu za su ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar shasi, ba a aksul ko sandar sitiyari ba, a kuma kori yara nesa, domin igiyar da ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta doka.

9. Bayan fadama a leƙa ƙarƙashi. Kacala da ciyawa da guntun koma ko igiyar buhu na naɗewa a farfela daidai bakin ogzilari, su yanke oyilsil, mai ya fita laka ta shiga. A yanke su da wuƙa a ranar. A wanke lakar da ta lulluɓe akwatunan, domin in ta bushe tana riƙe zafi tana kuma ɓoye yoyo. Sannan a buga giris a gaɓoɓin farfela masu siffar gicciye, waɗanda makanikai ke kira kuros, har sabon giris ya koro ruwan da ke ciki.

10. Ba kowane kuka ne na giyabos ba. Kafin a sauke shi, a bi daga mai araha zuwa mai tsada, a kuma iya faɗa wa makanike lokacin da ƙarar ke zuwa. Wannan bayani rabin gyara ne.

Giya na wahalar shiga gaba ɗaya, musamman ta ɗaya da ribas: a fara da kuloci, wataƙila mansa ne ya yi ƙasa ko iska ta shiga. Giya ɗaya tak ke ƙara wajen shiga: zoben tagullarta ne ya cinye. Kuka a firi da ke ɗaukewa in an taka kuloci: boris ne na cikin giyabos. Kukan da sai an taka kuloci yake zuwa: boris ɗin kuloci ne, giyabos lafiya lau. A mai giya biyar, kuka a kowace giya ban da ta huɗu na nuna boris ɗin ciki, domin a ta huɗu ƙarfi kai tsaye yake wucewa. Giya na fita da kanta: a duba robar da giyabos ke zaune a kai da 'yar robar gindin sandar giya kafin a yi maganar haƙora.

Ƙara "ƙwas" wajen tashi, da karkarwar da ke ƙaruwa da gudu: kuros ne ko boris ɗin tsakiyar farfela. Duka mai ƙarfi daga ƙarƙashi, sai a fowil kuma sai ana hawa ko ja: sarƙar ogzilari ta miƙe tana tsallake haƙori. Fitilar 4WD na ƙifci ba ta tsayawa: sau da yawa ɗan injin lantarkin da ke tura fowil ne ya sha ruwa, ko waya ta yi tsatsa, ko tiyon iska ya fashe. Wannan aikin mai wayarin ne, ba na sauke akwati ba. In kuma aka tarar man ogzilari ya cika har yana zubowa, na giyabos ya yi ƙasa, ko akasin haka, oyilsil ɗin da ke tsakaninsu ne ya mutu.

11. In dole ta kama a buɗe, a tsaya a kai. Makanikan ƙasar nan na da basira, wasu da kunne kaɗai suke gane cuta. Amma ba kowane mai gyaran inji ne ya iya giyabos ba, otomatik kuwa fanni ne mai zaman kansa. A tambayi direbobin da ke shiga ƙauyuka da Hilux wa ke yi musu aiki. A yi jinga tun farko, kuɗin hannu daban, kuɗin kaya daban. Ba raini ba ne ka ce, "Oga, don Allah a nuna mini abin da ya lalace kafin in tafi Kano." Makanike na ƙwarai zai ji daɗin haka, don ya san ba za a zarge shi daga baya ba. In an samu saɓani, shugabannin ƙungiyarsu ta NATA kan shiga tsakani.

Abubuwan da za ka sa wa ido ba su da yawa. A yi wa farfela alama da fenti kafin a kwance, ta koma yadda take, in ba haka ba karkarwa ta biyo baya. A sa wa tayoyi waigi, domin farfela na fita P ta daina riƙe mota, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita. A shimfiɗa tsabtataccen buhu ko tamfol, kada a baza kayan ciki a yashi, a rufe su in za su kwana, musamman da hunturu. Duk oyilsil a sa sabo tunda an riga an buɗe. In sarƙa ta miƙe a duba haƙoran da take hawa, don sabuwar sarƙa a kan cinyayyen haƙori ba ta daɗewa. Kada a yarda da walda a haƙorin giya. Gam kuma kaɗan, wanda ya yi yawa ciki yake faɗawa ya toshe hanyar mai. Tunda giyabos na ƙasa, a duba faifan kuloci da borisinsa da oyilsil ɗin bayan inji, kada a biya kuɗin saukewa sau biyu.

Akwai dabarar da nake ƙi ƙwarai: a cire farfelar gaba a ce an huta da matsala. Tana iya kai mota gida in an rasa yadda za a yi, amma wanda ya bar ta haka ya sayi fowil ya koma ba shi da ita. Mai sayen motar hannu ma ya durƙusa ya ƙirga farfela, ya kuma gwada H4 da L4 a yashi kafin ya biya.

12. In za a sayi giyabos ɗan Beljiyam, a tafi da makanike da lamba. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, giyabos biyu kan yi kama a ido su bambanta a ciki. Toyota na buga lambar giyabos da ta aksul a farantin da ke cikin bonet ko jikin ƙofa, irin R151F na hannu, ko A340F da A750F na otomatik. A ɗauki hotonsa. Na Hilux mai fetur da na mai gas bakinsu ba ɗaya ba ne, ogzilari mai sanda kuma ba ya maye gurbin mai maɓalli. In aksul za a canza, lissafin haƙoransa ya zama ɗaya da na ɗan'uwansa, in ba haka ba ranar da aka sa fowil gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye.

A juya giyabos ɗin da hannu a kowace giya a ji ko yana kakarewa. A kwance notin ƙasa a ga mayen ƙarfe, a leƙa ko da tsatsa. Sabon fenti ba shaidar lafiya ba ne. A rubuta garanti a rasit, da kwanakin gwaji da sharaɗin mayarwa, a lissafa da kwanakin hanya da na ɗaurawa. Kafin a ɗaura a canza oyilsil duka, a zuba sabon mai.

13. Kada a ja matacciyar mota nesa a kan ƙafafunta. Famfon man otomatik da inji yake aiki, inji a kashe kayan ciki a bushe suke juyawa. Giyar hannu ma ba ta samun mai yadda ya kamata in taya ce ke juya ta. Fitarwa daga taɓo ba laifi. Daga Guri zuwa Haɗeja kuwa, a kwance farfela ko a ɗora motar a kan babbar mota.

14. A ajiye littafi, a kuma san inda tsohon mai zai tafi. Ƙaramin littafin makaranta ya isa: kwanan wata, lambar kilomita, wane akwati, wane irin mai, wa ya yi aikin. A ganina motar da ke shiga fadama kada man ogzilari da na aksul su wuce kilomita 40,000, kuma a duba su kafin damina da bayanta ko ba su kai ba. Uwargida da masu shara su ke fara ganin ɗigon mai a inda mota ke kwana. Su faɗa, a kuma saurare su: ja na otomatik ne ko na sitiyari, mai kauri da warin ƙibiritu na giya ne, inda ya ɗiga kuma na nuna akwatin da ke yoyo.

Man da aka juye kada a zubar a kwata ko bakin kogi, kada kuma a wanke ƙarƙashin mota a cikin ruwan da ake su da ban-ruwa. Ruwan nan shi ke ratsa Baturiya ya nufi Nguru, shi shanu ke sha, daga cikinsa kifin kasuwar Haɗeja ke fitowa. A tara man a jarka mai murfi, nesa da yara da rumbun hatsi, a kai wa masu gareji da ke sayensa.